Kuɗin korona ya bi wayar lantarki, ya manta da masu rijiya

Malamai da iyayen yara, ina so mu koma kan wani lissafi da ba mu yi ba a lokacinsa, don tsoro ya hana mu. Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Ranar 27 ga watan, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya kafa dokar ta-ɓaci ta fannin lafiya, aka killace Yamai, aka kuma sanar da cewa gwamnati za ta biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu. Mutanen Tawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya. Tambayata ita ce: Buzun da ke jan ruwa da raƙumi a rijiya mai zurfi a ƙasar Tasara, wace takardar ruwa aka biya masa? Bafulatanar da ke mashekari a arewacin Abalak, wace fitila aka kunna mata?

Ba na cewa wani ya zauna ya ƙulla niyyar cutar makiyaya. Abin ya fi haka muni, don mugun nufi ana iya kama shi, amma mummunan ma'auni yana wucewa kowa na yi masa tafi. Gwamnati tana raba taimako ta hanyar abin da take iya ƙirgawa: kwantar NIGELEC, famfon kamfanin ruwa, ginin likita, sunan da ke cikin rajista. Wanda rayuwarsa ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya ɓace daga rabon tun kafin a fara. Kuma ba Buzaye da Fulani da Larabawan Azawak kaɗai ba ne. Manomin Takanamat, da na Tebaram, da matar da mijinta ya tafi ci-rani ya maƙale can saboda an rufe iyakoki, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ku dubi yadda ake auna kusancin jama'a da magani a ƙasar nan. Ana ƙirga mutanen da ke zaune cikin kilomita 5 daga CSI, kuma ko a faɗin ƙasa kusan rabin jama'a ne kawai ke shiga wannan da'irar. A birnin Tawa muna da babban asibitin jaha da cibiyar uwa da ɗa. Daga nan zuwa Abalak kimanin kilomita 135 ne, kan kwalta. Wanda zai nufi Tiliya ko Tasara kuwa, sai ya bar kwalta ya shiga rairayi. Allura ɗaya da za a yi wa yaro a unguwarmu, ma'aikaciya ce za ta taka da ƙafa. Allura iri ɗaya a zangon makiyaya tana bukatar mota mai ƙarfi, da mai, da firiji mai aiki da hasken rana, da kwanaki a daji. In ka ba su kuɗi daidai bisa yawan kawuna, ka ce ka yi adalci, to ka ba mai tafiyar yini da mai tafiyar mako guzuri ɗaya.

Na san amsar da ake bayarwa. Ana cewa cutar a Yamai ta fi ƙarfi, kuma waɗanda hukuma ta tabbatar ta kashe a duk ƙasar ɗari uku ne da ƴan kai. Amma a farkon annobar, cibiyar CERMES ta Yamai ce ke gwajin, sama da kilomita 500 daga Tawa. Inda ake gwaji nan ake ganin cuta. Tsohon da ya mutu da tari cikin tanti, an yi masa salla an rufe shi, bai shiga takardar kowa ba. A ɗauki rashin alƙaluma a matsayin shaidar lafiya, wannan yaudarar kai ce.

Kuma an riga an gargaɗe mu. A watan Agusta na 2016 wani zazzaɓi da ke tsallakawa daga dabbobi zuwa mutane, wanda ake kira zazzaɓin Rift, ya ɓulla a ƙasar Cintabaradan. Sai da aka aika jini Dakar, zuwa cibiyar Pasteur, kafin a tabbatar da shi a watan Satumba. Mutane fiye da 30 suka rasu, mafi yawansu makiyaya. Shekara huɗu kafin korona, arewacin jaharmu ya nuna cewa annoba na iya farawa daga bakin rijiya.

Ana kuma cewa rashin tsaro ne ya hana. Gaskiya ne akwai shi. An kai hari Intikan, inda ƴan gudun hijirar Mali ke zaune, ƙarshen Mayu 2020. Ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a Intazayan, Bakorat da kewaye, cikin ƙasar Tiliya, kwana takwas kafin a ƙaddamar da rigakafin korona a Yamai da allurar Sinopharm da Sin ta bayar. Sai dai wannan hujja ce ta ƙarin kuɗi. Ma'aikacin lafiyar da ya yarda ya zauna Tiliya ya cancanci alawus da ya fi na wanda ke zaune kusa da gidansu. Wurin da ya fi haɗari shi ya fi bukatar kasafi mai kauri.

Masu cewa makiyaya su zauna wuri ɗaya in suna son magani, su karanta dokar ƙasarsu. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Ba za ka ba mutum izinin tafiya da hannun dama ba, ka ƙwace masa likita da na hagu. Dabbobin da yake yawo da su ne muke yanka ranar layya, su ne ake fitarwa Najeriya, kuma ana karɓar haraji a kansu duk ranar kasuwa. Hanyar kai musu magani ma ba boyayya ba ce. A Chadi, farkon shekarun 2000, an haɗa ayarin masu allurar dabbobi da na masu rigakafin yara, mota ɗaya, tafiya ɗaya, aka samu iyalan da ba a taɓa samu ba. Mu ma mun san inda jama'a ke taruwa: manyan rijiyoyi lokacin rani, tabkin Tabalak, kasuwar Abalak, bikin gishiri na Ingal bayan damina.

Wannan matsalar ƙirga ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, a 2020, an ware dala miliyan dubu 8 don ƙabilun asali, amma aka raba da wani tsohon lissafi da ya nuna wata ƙabila mai suna Shawnee ba ta da mutum ko ɗaya. Sai da suka je kotu. Bambancinmu da su shi ne su sun ga takardar rabon har suka iya ƙalubalantar ta.

A nan ne nake kira gare ku. Malamin da ke makarantar makiyaya ya ga abin da ya faru da aka rufe makarantu daga 20 ga Maris zuwa 1 ga Yuni 2020: inda ake dafa wa yara abinci, tukunya ta sauka tare da allo. Shi ya san yaran da ba su da takardar haihuwa, da waɗanda ƙyanda ke kayarwa duk bazara. Sau da yawa shi kaɗai ne ma'aikacin gwamnati da zangon ke gani. Ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa hukumar lafiya ta gunduma. Iyaye kuma su shiga kwamitin kula da likitarsu, su tambayi manjo: sau nawa aka fita daji a bana, nawa aka ba ku na mai, kuma gwamnati ta biya ku bashin maganin kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka kafa tun 2006?

A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu don lafiya, Nijar na cikinsu, kuma ba mu kai can ba. In tuwon kaɗan ne, ai rabon ne ya kamata a fi kula da shi. Abin da nake nema shi ne a saka nisa cikin lissafi, a ware kuɗin likita mai yawo da ba za a taɓa shi don wani aiki ba, a kuma liƙa abin da kowace gunduma ta samu a ƙofar asibitinta, da Hausa da Tamajak da Fulfulde, kafin wata annobar ta iso.