Rediyo, Waya Ko Bidiyo: Wanne Zai Karantar Da 'Ya'yanmu?



A watan Maris na 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a duk faɗin Nijeriya, an ce da mu kada mu damu, yara za su ci gaba da karatu daga gida. Ba daga nan rufewa ta tsaya ba. Sace ɗalibai da aka yi a Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, da na Maga a Nuwamban 2025, sun nuna mana cewa a Jihar Kebbi ana iya wayar gari a tarar da ƙofar makaranta a garƙame. Ɗa namiji, in an buɗe, zai koma. Yarinya kuwa, in ta yi wata shida tana talla da surfe, sau da yawa sai dai a ji an raba goro. Saboda haka wannan zance namu ne, kada mu bar wa maza su yanke shi su kaɗai.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, kuma malamai da yawa masu takarda mai daraja ta biyu, irina, ta hanyarta suka kai ga NCE ba tare da sun bar aji ko ɗakin aure ba. Littattafai ake ba su, su haɗu da malamansu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Abin da yake sabo shi ne malama ta yi magana a Birnin Kebbi, ɗaliba ta ji a Ambursa nan take, har ta mayar da amsa.

Wanda aka fi yi wa kirari shi ne darasin bidiyo, irin na Zoom. Gaskiya yana da daɗi, ga malama, ga allo, kin ɗaga hannu an gan ki. Amma fa ki tambayi kanki, da wayar wa? A yawancin gidajenmu babbar waya tana aljihun maigida ko na yaya, su kuwa tun da safe sun tafi kasuwa ko fadamar shinkafa, daidai lokacin da ake darasin. In ma an bar miki ita, darasin awa ɗaya kan iya cinye kusan gigabait guda na data, ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Zoom ɗin kyauta kuma minti 40 yake yi ya yanke. Sai batun caji in babu wuta, da layi mai tsinkewa. Jiragen sama suna sauka a filin Sir Ahmadu Bello da ke nan ƙofarmu, amma wannan bai hana hoton malama ya daskare tana tsakiyar raba lamba ba. Yarinyar da ta rasa tsakiyar lissafi, ta rasa shi duka. Akwai kuma abin da masu shirya darussan ba su cika tunawa ba: matar da ke kulle, maigidanta ba zai so ta buɗe kyamara ajin maza na kallon tsakar gidanta ba, ita ma ba za ta so ba.

Rediyo kuwa tsohon aboki ne. Batir biyu sun isa, gida duka ya ji, kina tankaɗe kina saurare. Da shi Saliyo ta riƙa koyar da yara lokacin cutar Ebola a 2014. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: yana magana, ba ya ji. In yarinya ba ta gane ba, ba zai tsaya ya maimaita mata ba.

Ni a ganina, abin da aka rena shi ya fi amfani, wato ƙaramar wayar nan ta kira, wadda kusan kowane gida yake da ita. A ƙasar Botsuwana an gwada wannan a 2020. Kowane mako a aika wa iyaye 'yan tambayoyin lissafi ta gajeren saƙo, sannan a kira gidan na minti 15 zuwa 20, a yi aikin tare da yaro, uwa ko uba na kusa. Yaran da aka kira sun fi waɗanda ba a kira ba iya lissafi, saƙo shi kaɗai kuwa bai yi wani tasiri ba. Duk wadda ta taɓa riƙe alli ta san dalili. Yaro yana koyo ne sa'ad da aka kira sunansa, aka tambaye shi, ya yi kuskure, aka gyara masa a wurin. Kuma kiran bai ci wa iyaye ko kwabo ba, domin mai kira shi ke biya.

Saƙon murya na WhatsApp yana da nasa wurin, musamman ga matan aure masu neman ƙaro ilmi, domin yana jiranki ki gama girki ki kwantar da goyo. Sai dai mai jira ba ya matsawa, kuma kun san halinmu da "sai an jima".

To, in an kira taron iyaye da malamai a makarantar 'yarki, uwargida, ki je, ko ki aika da baki. A nemi kowace malama ta rubuta lambar wayar gidan kowace ɗaliba tun makaranta na buɗe, a kuma nemi hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin kuɗin kiran, don albashin malama ba zai iya ba. In za a yi darasin rediyo, a sa shi bayan la'asar, a bar minti goma na ƙarshe don yara su bugo waya. Ku kuma 'yan mata, ku ajiye littafi da fensir kusa da inda ake ajiye wayar, ku roƙi Baba ya bar ta a gida ranar da malama ta ce za ta kira.