Shin Makullin Gidanki Yana Hannun Mutum Nawa?



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo shagonmu tana neman maganin barci. Da na tambaye ta abin da ke hana ta runtsawa, sai ta ce sun kama sabuwar haya a Agege, maigidanta kuma direba ne, yakan yi mako bai kwana a gida ba. Wata rana ta dawo daga kasuwa, ta tarar da ƙanen tsohon ɗan haya a tsakiyar falonta, wai ya zo ɗaukar kayan da suka manta. Da makullinsa ya buɗe. Na ce mata: "Hajiya, maganinki yana wurin kafinta."

'Yar'uwa, ki tsaya ki lissafa. Mai gida yana da makulli, ejan yana da shi, haka waɗanda suka tashi, da mai fenti, da 'yar aikin da ta bar aiki. Yanka wani makullin a kasuwa aikin 'yan mintoci ne. Don haka ranar tarewa, ko ranar da makulli ya ɓata, a sauya kafin a kwanta, a kuma sanar da mai gida.

Ba lallai sai an cire kan ƙofa gaba ɗaya ba. A yawancin ƙofofin zamani, silindar da ake zura makulli a ciki kusa ɗaya ce ke riƙe da ita ta gefen ƙofa. A kwance ta, a tafi da ita kasuwa don a samo mai tsawonta daidai, domin wadda ta leƙo waje da yawa tana da sauƙin karyawa. Ƙwararren mai gyara kuma yana iya sauya 'yan ƙarafunan da ke cikinta, tsohon makulli ya daina aiki.

Sai dai ƙofar da ta hana ɓarawo shiga kada ta hana iyali fita. Gidajenmu tagoginsu duk ƙarfe ne, idan gobara ta tashi cikin dare, hayaƙi ba ya barin mutum ya tsaya lalube. A nemi silindar da ake murɗawa da hannu daga ciki, a sa sakata can sama saboda ƙananan yara. In babu, a rataye makulli wuri guda kusa da ƙofa, kowa ya san wurin. Lambar gaggawa 112 ce, a Legas kuma akwai 767.

Idan akwai tsoho a gida, ko mai ciwon suga ko farfaɗiya, kada ya riƙa barin makulli a jikin ƙofa ta ciki. A irin wannan silinda, na waje ba zai iya buɗewa ba idan ya faɗi. A ba wani amintacce makulli ɗaya.

A ƙarshe, tunda kafinta ya zo, ya sa ɗan kwaɗo a durowar magani. Ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki kama suke da alawa, kuma suna iya halaka yaro idan ya sha da yawa. Kalanzir da fiya-fiya ma a kulle su. Rigakafi ya fi magani.

Ita kuwa Hajiya ta dawo bayan mako guda, man zafi kawai ta saya. Ta ce barci har da minshari.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.