Minti Ɗaya Kacal: Ƙaninka Ya Iya Karatu Kuwa?

Kai mai riƙe da waya, tambaya gare ka. Yaushe rabonka da jin ƙaninka ko ƙanwarka na karatu a bayyane, shi kaɗai, ba cikin ayarin 'yan aji ba? Yawancinmu katin sakamako kawai muke dubawa, mu ga "ya zo na biyar", mu ce madalla. To amma na biyar cikin su wa?

Ka san yadda ajin firamare yake a Gumel ko Gagarawa. Malam ya karanta abin da ke kan allo, yara su amsa gaba ɗaya. Daga waje sai ka rantse kowa ya iya. Amma ware yaro ɗaya, ka ba shi rubutun da bai taɓa gani ba, nan za ka gane wanda ke karatu da wanda ke bin baki. Da haka yaro zai haye har ƙaramar sakandare, yana kwafar rubutun da bai san me ya ƙunsa ba.

Wannan fa ba zargi ba ne. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A gida kuma, gwajin EGRA da aka yi a 2014 a jihohin Jigawa, Kano, Kaduna da Katsina, da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ya nuna mafi yawan 'yan aji 2 ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta labarin Hausa ba. Hausar da suke sha da nono!

Gwajin kansa ba wani tashin hankali ba ne. A zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi ɗan labari mai kalmomi kamar 60, a saita agogo minti ɗaya. Yana karantawa, kana yi wa kalmar da ya kuskure alama. Lokaci na cika, sai ka ƙirga waɗanda ya faɗa daidai, sannan ka yi masa 'yan tambayoyi kan labarin. Me ya kawo agogo? Saboda yaron da ke fama da harafi ɗaya-ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Amma sauri kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda ya zuba kamar aku bai gane komai ba, shi ma da sauransa.

A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara irin wannan gwaji gida-gida tun 2005, kuma 'yan sa-kai ne ke yi, da yawansu ɗalibai irinmu. To mu me ya hana mu? Wayar da muke kwana da ita a TikTok tana da agogo. Ga Kwalejin Ilimi a Gumel, ɗalibanta na fita koyon koyarwa. Ga masu hutun jami'a zaune a majalisa daga Maigatari har Sule Tankarkar.

Sai dai a kiyaye. Don Allah kar ka ɗauki bidiyon yaro yana inda-inda ka watsa don a yi dariya. Ba duka, ba gori. Yaron da ake Fulatanci a gidansu, ko wanda ya fi ƙwarewa a allo da ajami, ba daƙiƙi ba ne. Kuma kar ka tafi yi wa malami tijara. Mutumin da aka tara wa yara cike da aji, littattafai ba su isa ba, shi ma taimako yake nema.

Idan ka ga da gyara, zauna da yaron minti 15 kullum, ku fara daga inda ya tsaya: harafi, gaɓa, kalma, jimla. Bayan wata guda ku sake gwadawa. Ka sanar da hedimasta da kwamitin kula da makaranta abin da ka gani. Hukumar SUBEB ta Jigawa kuma muna roƙonta ta mayar da wannan gwaji al'adar kowane zango, a riƙa faɗa wa iyaye sakamakon.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau bayan Magariba, kira ƙaninka, ka ba shi littafi, ka saurara.