Ƙararrawar Ɓarayi Da Haƙƙin Maƙwabta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan filin nan da ka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwana ma'aikata abin da ya kusa raba ni da maƙwabtana.

Tun cikin 1853 wani Ba'amurke, Augustus Pope, ya sami takardar shaidar ƙago ƙararrawar ɓarayi mai aiki da lantarki. Yau iri biyu ce. Akwai mai aika labari ofishin masu gadi, ana biyansu wata wata. Akwai kuma wadda iyakarta ta yi kuwwa a gida. Ta biyun na tarar a gidan da na kama haya. Tana da akwati, da allon lambobi, da maganaɗisu a kowace ƙofa, da wani ido a zaure mai jin ɗumin jikin mutum in ya gitta.

Da hunturu ya shigo sai ta ɓarke da kuka tsakar dare. Maƙwabta suka fito da sanduna da tocila, aka duba ko'ina, ba kowa. Dare na biyu mutum uku suka fito. Na uku kuwa dattijo ɗaya kaɗai ya leƙo, ya ce, "Malam Akawu, mu ma muna da aiki da safe." Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo baya, domin ran da ɓarawon gaske ya zo, wa zai fito?

Da gari ya waye na zauna da littafinta. Ashe kowace ƙofa da lambarta, allon kuma yana riƙe da lambar wadda ta ta da kukan. Ya nuna mini ƙofar baya. Iskar hunturu ta busar da katakon, ƙyauren ya yi sako-sako, in iska ta kaɗa shi sai maganaɗisun ya nisanci abokinsa, akwatin ya zaci an buɗe. Na gyara sakatar, na matso da su kusa da juna, shi ke nan. Idon zaure kuma na share masa yanar gizo, na kau da shi daga labule.

Saura wani ɗan kuka da allon ke yi. Dalilinsa biyu. Na fari, batirin cikin akwati, mai ƙarfin bolt 12, ya mutu. Irinsa ba ya cika wuce shekara 3 zuwa 5, yawan ɗauke wuta kuma yana rage masa kwana. Na sake sabo. Na biyu, akwatin yana ta neman buga waya ofishin da babu, in ya kasa sai ya yi ƙorafi. Na kashe masa wannan aiki.

Sa'an nan ku lura, lambar sirri biyu ce: ta maigida, wadda a ke kunnawa da kashewa da ita, da ta mai haɗawa, wadda a ke sake tsari da ita. Da yawa suna fitowa daga masana'anta da 1234, ɓarayi ma sun san haka. Ku sake ta ran da kuka karɓi gida. Ni na ba kaina sakan 60 na fita, 30 na shiga, na kuma rubuta lambar kowace ƙofa cikin murfin akwatin.

Daga nan na bi maƙwabta gida gida na ba su haƙuri, muka shirya zan riƙa gwada ta da rana sau ɗaya a wata, da saninsu. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, wannan ƙararrawa ba ta da kunnen da zai ji ta sai na maƙwabci. Kowa ya kafa ta, ya kiyaye barcinsu.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, amin. Sai mako mai zuwa.

Naka,
Wani Akawu