Matan Kasuwar da Suka Taso Sarkin Faransa Gaba

Duk wanda ya ce littattafan masana ne suka tumɓuke sarautar Faransa, rabin labari ya faɗa. A ganina yunwa ce ta yi babban aikin. A 1788 ƙanƙara ta lalata alkama, hunturu mai tsanani ya biyo baya, har ta kai lebura a Faris yana kashe fiye da rabin abin da ya samu wajen sayen burodi. Baitulmali kuwa wayam, domin Sarki Luwi na 16 ya ciwo bashi ya taya Amurka yaƙi da Ingila, ga masu sarauta da manyan limaman coci an sassauta musu haraji, talaka ne jakin kaya. Kowa na tuna 14 ga Yuli 1789, ranar da aka fasa kurkukun Bastil, inda aka tarar da fursunoni bakwai kacal. Ni dai ranar 5 ga Oktoba ce ta fi tsaya mini a rai. Dubban mata, yawancinsu 'yan kasuwa, suka taka da ƙafa cikin ruwan sama, tafiyar kusan kilomita 20, har fadar Basai, suna neman abin da za su ba 'ya'yansu. Washegari suka taso sarki da iyalinsa gaba zuwa Faris, bai sake kwana a wannan fada ba. An soke sarautar a Satumba 1792, aka fille wa sarkin kai a Janairu 1793. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sakayyar da aka yi wa waɗannan mata. Maza suka raba mulki a tsakaninsu, matan Faransa kuwa ba a ba su damar jefa ƙuri'a ba sai a 1944.