Ra'ayi: Mun tanadi rigar sanyi, mun manta da mota

Da zarar watan Nuwamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗawa, kowa sai ya shiga neman rigar sanyi da man shafawa. A sa wa yara hula da safa, tsofaffi su kewaye wuta da asuba. Motar da za ta kwashi iyalin nan gaba ɗaya zuwa biki a wani gari kuwa, ba mai waiwayarta sai ranar da ta ƙi tashi.

Na san abin da direbobinmu za su ce: ai sanyinmu ba irin na Turai ba ne, ƙanƙara ba ta rufe mana kwalta. Gaskiya ne. Amma mu ma muna da namu, wato hazo. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, takan yi kauri har jirage su kasa sauka a Kano. Matuƙin jirgi da duk na'urorinsa yakan haƙura ya jira. Direban da ya fito lodin asuba kuwa sai ya take mota kamar rana tsaka.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan tirela ta lalace a gabanka cikin hazo, ba alama sai ɗan ganyen da aka zuba a kan titi, kafin ƙafarka ta kai kan burki ka riga ka cinye rabin tazarar. Ga kuma hayaƙin ƙona daji da ke toshe hanya farat ɗaya a irin wannan lokaci. In abin ya faru sai mu ce tsautsayi. A ganina, yawancinsa ganganci ne.

Shirin kuma bai kai kuɗin gyaran mota bayan haɗari ba. A fara da gilashi: a wanke shi ciki da waje, a cika tankin ruwan waifa, domin jan waifa a kan busasshiyar ƙura yana karce gilashin. A duba fitilun gaba, da na baya, da na burki. A cikin hazo, gajeren haske ake kunnawa. Dogon haske yana dukan ƙurar ne ya dawo maka ido.

Sanyi yana rage iskar taya, saboda haka a auna ta da safe kafin a yi tafiya. A kuma karanta lambobi huɗun da ke jikinta: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi. Batirin da ke jan ƙafa da safe, a kai wa mai gyara kafin ya ajiye ka a daji. Matatar iskar inji ma tana saurin toshewa da ƙura, a duba ta.

Sai abu ɗaya da ke kisa shiru: kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, kada kuma a kwana a mota da inji a kunne don jin ɗumi. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari.

Fasinja, kai ma da naka. Idan direba yana sheƙa gudu alhali ba a ganin gaba, ka yi magana, ko da sauran za su ce ka cika tsoro. A ajiye lambar gaggawa ta hukumar, 122, a waya. In hazon ya yi yawa, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a kunna fitilun gargaɗi, a jira rana ta ɗaga. Gara a ce ka makara da a ce Allah ya ji ƙanka.