Madubin bindiga ba kayan ƙawar waya ba ne, musamman a Sabon Birni da Isa

Duk mai yawo a TikTok da YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon nan: wani mafarauci a Amurka ya ɗaura madubin hangen nesa a kan bindiga, yana murza maɓalli, yana harbin takarda. A shagunan intanet kuma ana tallar madubin kusa da caja da abin sauraren kiɗa, kamar duk kaya ɗaya ne. Matashin Sabon Birni ko Isa da abin ya ba shi sha'awa ya kamata ya tsaya tukuna.

Saitin da ake nunawa ba sihiri ba ne. Maɓalli biyu ne, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, kuma a yawancin madubai kowace murzawa tana gusar da saiti kwatan inci a nisan yadi 100. Wannan lissafi an yi shi ne domin bindigar da ke tura harsashi ɗaya ta hanya ɗaya kullum. Bindigar toka ta mafarautan Gobir watsa ƙarafa take yi, yawan albarushinta ma ya danganta da hannun mai ɗurawa. Ɗaura mata madubi asarar kuɗi ce, kuma in aka matsa ido kusa, bugun baya na iya fasa gira.

Asarar kuɗin ma ita ce mai sauƙi. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane noma, inda a 2021 har layukan waya aka katse, madubin bindiga a jakar saurayi ba abin da za a yi wa dogon bayani ba ne a shingen bincike. Zargin zama infoma yana saurin manne wa mutum, wanke shi kuwa sai an sha wuya. Dokar makamai ta Najeriya ma ba ta yarda a riƙe bindiga babu lasisi ba.

Buƙatar ganin nesa dai gaskiya ce. Manomin da ke son leƙa bakin daji kafin ya shiga gona ba wasa yake ba. Sai dai wayarsa ba za ta yi masa aikin ba. Ko Samsung S23 Ultra mai tallar zum 100, gilashinta 10 kawai yake kawowa, sauran manhaja ce ke hura hoton. A ƙananan wayoyi kuwa kusan duk zum ɗin hurawa ne, shi ya sa mutum da kututture ke zama abu ɗaya a allo, balle lokacin hazo.

Abin da ya fi shi ne tabarau mai ido biyu, irin mai lamba 8x42: 8 ɗin ninkin kusantowa ne, 42 faɗin gilashin gaba a milimita. Da zarar ninki ya wuce 10, rawar hannu na ƙaruwa, filin da ake gani na raguwa, don haka manyan lambobin da ake rubutawa a kan masu araha ba abin ruɗuwa ba ne. Shi ma tabarau ɗin, gara mai gari da jami'an tsaron unguwa su san da shi tun kafin a fita da shi.